Yadda ake biyan harajin kuɗin shiga a Kaduna ba tare da an yi asarar banza ba

Kawuna yana da shagon atamfa da shadda a Kasuwar Barci, kuma ya yi shekaru yana ganin ya fita haƙƙin gwamnati. Duk ƙarshen shekara wani mutum mai jaka a hammata yakan zo, su gaisa, a saya masa lemo mai sanyi, ya karɓi kuɗi a hannu, ya yago wata 'yar takarda mai tambari ya cike da biro. Kawu ya ninke ta ya cusa a gwangwanin madara da ke ƙarƙashin kanta. Ranar da ya tashi neman takardar mallakar filinsa na Rigasa aka ce sai ya kawo shaidar biyan haraji ta shekara uku, ya ɗauki gwangwaninsa ya tafi ofis da ƙwarin gwiwa. Aka buga sunansa a kwamfuta, babu. Aka buga lambar wayarsa, babu. Ya kira ni yana huci: "Kai ɗan nan, ashe duk shekarun nan iska nake ciyarwa?" Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, a ajiye mini gwangwanin, gobe in sha Allahu zan shigo kasuwa." Mai jakar kuwa tun daga ranar lambarsa ba ta ƙara shiga ba.

Abin da muka bi muka warware matsalar shi zan jero a nan, tare da na ma'aikaci mai albashi, domin hanyar ɗaya ce, a wasu wurare kawai take rabuwa.

Kafin nan, akwai maganar da dattawa kan yi cewa ai an soke haraji a Kaduna tun zamanin Balarabe Musa. Gaskiya ne gwamnatinsa da ta hau a 1979 ta soke harajin da ake ɗora wa kowane baligi da kuma jangalin shanu. Harajin kuɗin shiga daban ne, ba a taɓa soke shi ba, shi ne wanda ake yanka a kan abin da mutum ya samu a shekara.

Mataki na farko: san wanda ke bin ka

Mutane da yawa suna ɓata kwana da kwanaki a ofishin da ba nasu ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Idan kai mutum ne mai albashi, ko mai sana'a, ko mai shago, harajinka na jihar da kake zaune ne, wato a nan hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Kaduna, KADIRS, wadda ke da ofisoshin yanki a cikin gari da Zariya da Kafanchan. Ko ka yi wa shagon rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, har ka kafa allo mai ɗauke da "wane da 'ya'yansa", a idon doka kai da shagon abu ɗaya ne, jiha ce ke bin ka. Sai in ka yi rajistar kamfani mai cin gashin kansa, irin wanda sunansa ke ƙarewa da "Limited", sannan harajin ribar kamfanin ya koma na tarayya, hannun hukumar NRS, wadda ta gaji FIRS. Ko a hakan, albashin da kamfanin ke biyan ka da na ma'aikatanka mazauna Kaduna, harajinsa na Kaduna ne.

Wurin zama ake dubawa, ba garin haihuwa ba. Bakatsinen da ke zaune a Unguwar Dosa Kaduna zai biya.

Sai kuma shekarar da ake magana a kanta. A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, suka fara aiki 1 ga Janairu 2026. Abin da ka samu daga wannan rana ana lissafa shi da sabuwar doka. Na 2025 da shekarun da suka gabace ta kuwa da tsohon ma'auni ake aunawa. Riƙe wannan, zai yi amfani idan mun zo kan masu tsohon bashi.

Mataki na biyu: lambar haraji

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. A sabon tsari lambar NIN ita ce tushen lambar harajin mutum, lambar rajistar CAC kuma ta kamfani. Je ofishin yankinku da katin NIN, ka tabbatar an buɗe maka fayil, an rubuta adireshinka na yanzu da lambar wayar da ke hannunka. Duba yadda aka rubuta sunanka. Idan NIN ta ce Muhammad, banki ya ce Mohammed, rasit ya ce Mamman, wata rana za ka sha zirga-zirga kafin a yarda mutum ɗaya ne. Doka ta sa tarar naira 50,000 a watan farko ga wanda ya kamata ya yi rajista ya ƙi, da 25,000 a kowane wata da ya biyo baya.

Mataki na uku: lissafin mai albashi

Ma'aikaci yakan ce shi ba ruwansa, ana cire masa tun daga tushe, tsarin da ake kira PAYE. Haka ne, amma wanda bai iya lissafin ba, bai san ko daidai ake cire masa ba.

Ga ma'aunin sabuwar doka, na shekara guda. Naira 800,000 na farko babu haraji. Miliyan 2.2 da ke biye, kashi 15 cikin ɗari. Miliyan 9 da ke biye, kashi 18. Miliyan 13 na gaba, kashi 21. Miliyan 25 na gaba, kashi 23. Abin da ya haura miliyan 50, kashi 25. Kamar matakala yake, kowane tsani da kuɗinsa. Saboda haka masu cewa ƙarin albashi zai jefa su wani rukuni har su koma baya ba su fahimci abin ba, ɓangaren da ya hau sama ne kaɗai ake yi wa sabon yanka. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, naira 70,000 a wata, ba a bin sa komai. Kuɗin fanshon da ɗan fansho ke karɓa ma haka.

Kafin a ɗora ma'aunin ana fitar da wasu abubuwa: kashi 8 da kake zubawa a asusun fansho, gudummawar asusun gidaje na ƙasa, ta inshorar lafiya, kuɗin inshorar rai, da ruwan bashin da ka ci don gina gidan da kake ciki. Tsohon rangwamen da ake yi wa kowa da kowa an soke shi, aka kawo rangwamen haya a madadinsa: kashi 20 cikin ɗari na hayar gidan da ka biya a shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Wanda ke zaune a gidan kansa ko gidan gado ba shi da wannan.

Mu ɗauki malamar asibiti da ke haya a Barnawa, albashinta 250,000 a wata, wato miliyan 3 a shekara. Don sauƙin lissafi mu ce fanshonta a kan dukan albashin ake cirewa, ya zama 240,000. Hayarta 600,000, kashi 20 ɗinta 120,000. In ka fitar da waɗannan biyu saura 2,640,000. Cire 800,000 da ba a taɓawa, saura 1,840,000. Kashi 15 na wannan shi ne 276,000 a shekara, 23,000 a wata. Ta ɗauko takardar albashinta ta gwada. In abin da ake cirewa ya zarce haka da yawa, ta shiga ofishin akanta ta tambaya cikin girmamawa.

Rangwamen hayar ba ya zuwa da kansa. Sai ka nema a rubuce, ka kai rasit da yarjejeniyar haya. A nan ne ake samun cikas, domin yawancinmu mai kula da gida muke miƙa wa kuɗi, ya ce "Allah ya sa albarka", shi ke nan. Wasu masu gidajen ma da gangan ba sa son rubutawa, don sun san kuɗin haya kuɗin shiga ne a wurinsu, su ma ana bin su haraji a kai. Biya ta banki, ka rubuta sunan gidan da shekarar, sannan ka matsa a ba ka rasit. Malamar nan in ba ta kai ba, 18,000 za ta yi asara a shekara. Ba dukiya ba ce, amma kuɗin littattafan yaro ne.

Abin da ma'aikata suka fi yin shiru a kai shi ne samun gefe. A ce malamar tana kiwon kaji a bayan gida, ta ci ribar 900,000 a shekara. Ana haɗa shi da albashi, jimla ta zama 3,540,000. Miliyan 2.2 ɗin ya cika, harajinsa 330,000, sauran 540,000 ya hau tsanin kashi 18, wato 97,200. Jimla 427,200. An riga an cire mata 276,000 a wurin aiki, saura 151,200 ita za ta kai da kanta.

Mataki na huɗu: littafin ɗan kasuwa

Nan ne zuciyar maganar. Haraji a kan riba yake, ba a kan ciniki ba. Amma riba ba ta da baki, sai littafi ya yi magana a madadinta. Wanda ba shi da littafi, jami'i zai dubi girman shagonsa, da motar da ya faka a waje, da abin da ya ratsa asusunsa na banki, ya yanka masa abin da ya ga ya dace. Doka ce ta ba shi wannan damar idan ba ka kawo naka lissafin ba.

Ba sai ka ɗauki akanta mai digiri ba. Sayi littafi mai bango mai ƙarfi guda biyu. Na farko na shiga: kwanan wata, abin da aka sayar, nawa ne a hannu, nawa ta banki, nawa bashi. Na biyu na fita: sarin kaya, kuɗin mota, dako, hayar shago, albashin yara, man janareta, wutar lantarki, kuɗin shara da na gadi, gyaran rufi. Kowane dare kafin a ja ƙofa a rubuta. In ka bari sai Juma'a, rabin abin ya bi iska. Rasit kuma a soke shi a ƙusa ko a zuba a ambulan, kowane wata da nasa. Inda ba a ba da rasit, kamar ɗan dako ko mai baro, rubuta da hannunka a ranar. Doka na so a adana waɗannan takardu na shekara shida.

Abu na biyu, raba asusu. Kawu asusu ɗaya gare shi: nan kwastoma ke turo kuɗi, nan 'yan adashi ke zubi, nan ƙaninsa da ke Jidda ke aiko da kuɗin ginin gida, nan kuma ake tara gudummawar masallacin unguwa. Da muka ciro bayanan asusun daga banki, kuɗin da suka ratsa sun ninka cinikinsa na gaskiya. Mun kwashe dare uku muna bin layi-layi da jan biro muna ware na kasuwa da na amana. Kyauta, da rance, da ajiya, da kwasar adashi, ba kuɗin shiga ba ne, ba a biyan haraji a kansu. Jita-jitar da ta yi ta yawo a WhatsApp cewa duk kuɗin da ya faɗo asusu za a zare masa haraji kai tsaye ba gaskiya ba ce. Sai dai ranar da aka tambaye ka, kai ne za ka nuna wanne ne wanne. Mai POS ya fi kowa buƙatar wannan, domin miliyoyi na ratsa hannunsa alhali abin da ya samu shi ne ɗan cajin da yake karɓa.

Ranar ƙarshe ta Disamba, ko washegari, rufe shago na rabin yini ka ƙirga kaya a kan farashin sari. Ba tare da wannan ba ribar ba ta fita daidai. Ga yadda na shagon atamfa zai kasance, da alƙaluman misali. Kayan da shekara ta tarar a shago, miliyan 3. Sarin da aka yi a Kantin Kwari cikin shekara, miliyan 14. Kayan da suka rage a ƙarshe, miliyan 3.5. Ke nan kayan da aka sayar sun ci miliyan 13.5. Ciniki gaba ɗaya miliyan 18. Hayar shago 400,000, yara biyu a kan 30,000 kowanne a wata 720,000, mota da dako daga Kano 380,000, wuta da mai 300,000, kuɗaɗen kasuwa 100,000, jimla miliyan 1.9. Riba ta tsaya a miliyan 2.6. Mai shagon yana hayar gida a Tudun Wada 500,000, a fitar da 100,000. Saura miliyan 2.5. Cire 800,000, kashi 15 na miliyan 1.7 ya ba da 255,000.

Yanzu a ce babu littafi, aka ɗauki miliyan 18 ɗin nan kamar duka samu ne. Harajin zai kama 3,210,000, fiye da ribar shekarar baki ɗaya. Tsakanin waɗannan alƙaluma biyu babu komai sai littafin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Akwai abubuwan da ba sa shiga littafin fita ko da daga aljihun shago suka fito. Cefane, kuɗin makarantar yara, kayan lefe, kujerar Makka, duk hidimar gida ce. Turamen da ka ɗauka don ɗinkin sallar iyali rubuta su a matsayin abin da mai shago ya ɗiba. Zakka ma ba ta cikin abubuwan da ake fitarwa, ita haƙƙin Allah ce da nata lissafin. Manyan kayan aiki kuma, irin janareta, keken ɗinki na zamani, injin niƙa ko motar kai kaya, ba a zuba kuɗinsu duka a shekara ɗaya, ana raba shi ne a kan shekaru, don haka ajiye rasit ɗin sayensu daban. In kuwa shekara ta zo da faɗuwa, gobara ko kasuwa ta mutu, kada ka ce tunda ba riba ba sai ka je ba. Kai lissafin a rubuta faɗuwar, domin ana rage ta daga ribar shekarun gaba.

Masu kai kaya ma'aikatu, makarantu da kamfanoni, ku kula da wani abu. Idan aka zo biyan ku akan riƙe wani kaso, kashi 2 a kan kaya, kashi 5 a kan aikin ƙwararru irin na lauya ko mai ba da shawara. Wannan kuɗi ba ɓata ya yi ba, kafin alƙalami ne na harajinka. Bi sawu a ba ka takardar shaidar an zuba shi da sunanka da lambarka, ƙarshen shekara a rage maka. Na ga 'yan kwangila da yawa da suka biya sau biyu saboda kunyar komawa su tambaya.

Ƙananan masu sana'a da ba su da tsayayyen lissafi, mai shayi, mai faci, mai kitso, akwai harajin ƙiyasi da ake yanka musu gwargwadon sana'a. Ko shi a banki ake biya. In kana ganin samunka bai kai 800,000 a shekara ba, littafi ne zai fitar da kai.

Wanda ke tunanin mayar da shagonsa kamfani don ya ji an ce ƙananan kamfanoni ba sa biyan harajin riba, gaskiya ne. A da iyakar cinikin miliyan 25 ce a shekara, sabuwar doka ta ɗaga ta, ta kuma sa sharaɗin kada kadarorin kamfanin su wuce miliyan 250, sannan ta ware masu aikin ƙwararru daga rangwamen. Amma kamfani na da nasa ɗawainiyar: dole ya kai lissafinsa cikin wata shida bayan rufe shekararsa ko da ba zai biya ko kwabo ba, ga bayanan shekara na CAC, ga kuɗin akanta. A ganina mai shago ɗaya da yara biyu bai kai nan ba tukuna.

Mataki na biyar: kai bayani, ka biya

Ranaku uku za ka rubuta a bangon shago. 31 ga Maris ita ce ranar ƙarshe da kowane mutum zai kai bayanin abin da ya samu a shekarar da ta wuce, har da mai albashi, har da wanda lissafinsa ya nuna ba a bin sa komai. In kana da ma'aikata da albashinsu ya kai a cire haraji, abin da ka cire sai ya isa hukuma kafin 10 ga watan da ke biye. Sannan kafin 31 ga Janairu ka kai jerin ma'aikatanka da abin da aka biya kowa da abin da aka cire masa a shekara.

Cike fom a ofishin yanki ko ta intanet, ka haɗa da taƙaitaccen lissafinka a shafi ɗaya, da rasit ɗin haya da na sauran abin da kake neman a fitar. Yi kwafi biyu, a buga maka tambarin karɓa mai kwanan wata a naka. Daga nan a fitar maka da takardar biya mai lamba, ko ka fitar da kanka a shafin PayKaduna, ka biya a banki ko ta waya. Tun dokar haraji ta jiha ta 2016 aka haramta karɓar kuɗin gwamnati a hannu a Kaduna. Duk wanda ya ce ka ba shi ya kai maka, ko ya ba ka lambar asusu mai sunan mutum, ko da ya sa riga mai tambari, ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ba ni lambar biya, zan je banki da kaina." Bayan kwana biyu ka koma ka tabbatar kuɗin ya hau kan sunanka.

Rashin kai bayani na iya fin harajin kansa tsada. Tarar sabuwar doka naira 100,000 ce a watan farko, 50,000 a kowane wata bayansa. Wanda ya yi shiru daga Afrilu zuwa Disamba ya tara wa kansa 500,000, kusan ninki biyu na harajin mai atamfar da muka lissafa.

Mataki na shida: wanda ya bari abu ya taru

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ya kai kansa ofis ba a yi masa irin kallon da ake yi wa wanda aka kamo. Fara da sanin iyakar ramin. Hukuma na iya waiwayar shekara shida baya, in kuma akwai zamba ko ɓoye da gangan, babu iyaka. Ciro bayanan asusunka na waɗannan shekaru, tattaro duk rasit na sari da ka samu, ka nemi dilolin da kake sari wurinsu su duba nasu littafin su rubuta maka. Gina lissafin kowace shekara daban.

Shekarun kafin 2026 da tsohon ma'auni za ka auna. A wancan tsari ana fara fitar da 200,000, ko kashi 1 na samu in ya fi haka yawa, a ƙara da kashi 20 na samun. Sauran a yanka: 300,000 na farko kashi 7, 300,000 na biye kashi 11, 500,000 kashi 15, wani 500,000 kashi 19, miliyan 1.6 kashi 21, abin da ya haura kashi 24. Mai ribar miliyan 2 za a fitar masa da 600,000, a yanka a kan miliyan 1.4, ya kama 186,000. A kan abin da ba a biya a kan lokaci ba akwai ƙarin kashi 10 da kuma kuɗin ruwa, wanda ke tafiya da ma'aunin Babban Banki. Ruwan nan ba ya barci, shi ya sa jinkirin wata shida ba ƙaramin abu ba ne.

Da lissafinka a hannu, rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban hukuma ta hannun ofishin yankinku. Faɗi shekarun da ba ka biya ba, abin da ka lissafa, da dalili in akwai, rashin lafiya, gobara, rusau, ko irin abin da ya sami Kawu. Biya wani kaso na uwar kuɗin tun kafin ka kai wasiƙar, ka maƙala rasit ɗin. Sannan ka roƙi abu biyu: a bar ka ka biya sauran kashi-kashi, a kuma sassauta tara. Doka ta ba hukuma ikon yafe tara duka ko wani ɓangare idan ta gamsu da dalili. Uwar harajin ce ba a cika taɓawa ba. Duk abin da aka amince, a ba ka a rubuce. Alkawarin baka na jami'i yana tafiya tare da shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Kada kuma ka zauna jiran afuwar gama-gari irin shirin VAIDS da aka yi daga 2017 zuwa tsakiyar 2018, ba kullum ake yin ta ba.

In kuwa takarda ce ta riga ta iso, an yanka maka wani adadi da ya sa ka zufa, to agogo ya fara bugawa. Kwana 30 gare ka daga ranar da ta shigo hannunka ka kai ƙorafi a rubuce. Rubuta ranar a bayan ambulan nan take, ka kuma gargaɗi yaran shago kada su karɓi takardar hukuma su jefa a ƙarƙashin kanta. Ƙorafin kada ya tsaya a "kuɗin sun yi yawa, a tausaya". Kawo lambar takardar, adadin da aka yanka, adadin da kai ka yarda da shi, da hujja: ga cinikina, ga sarina, ga kuɗin da suka shigo na amana ne. Biya ɓangaren da ba ka jayayya a kansa. Sabuwar doka ta ba hukuma kwana 90 ta ba da amsa, in ta yi shiru ana ɗauka ta karɓi ƙorafinka, shi ya sa tambarin karɓa mai kwanan wata ya zama dole. In amsar ba ta yi maka ba, kana da wasu kwana 30 ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙararrakin haraji, kuma ta shiyyar arewa maso yamma a nan Kaduna take zama. Idan kuɗin masu yawa ne, a wannan gaɓar ka nemi akanta ko lauyan da ya san haraji. Ƙorafin da ya shafi mu'amala, kamar tsangwama ko jan ƙafa, sabuwar doka ta kafa ofishin mai sauraron koken masu biyan haraji dominsa.

Wanda ya bar kwana 30 ɗin nan suka wuce, adadin ya zauna daram ko da kuskure ne. Daga nan sai takardar neman biya, sai garƙame shago, ko kama kaya, ko a umarci bankinka ko wanda kake bi bashi ya biya hukuma daga kuɗinka. In har aka kai ga manna takarda a ƙofa, kada ka yage ta ko ka fasa kwaɗon, wani laifin ne daban. Masu ma'aikata kuma su sani, cire haraji daga albashin yaro a riƙe shi a aljihu ya fi rashin biyan naka muni, don kuɗin ba naka ba ne tun farko.

Kawu ya biya nasa a zubi huɗu. Takardun gwangwani ba a karɓe su a matsayin biya ba, amma mun maƙala su a wasiƙa don a ga ba gudu ya yi ba. Bayan zubi na ƙarshe muka nemi takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna samu da harajin shekara uku da suka gabata, ita ce ake tambaya wurin takardar fili a hukumar filaye ta jiha, KADGIS, da neman kwangilar gwamnati, da wasu lamuran banki. Da ta fito na ce ya karanta sunan da alƙaluman kowace shekara tun yana gaban tebur, ya yi kwafi uku, ya ɗauki hotonta a waya. Gwangwanin yana nan a ƙarƙashin kanta, yanzu allurai da alli yake zubawa a ciki.